Kwanakin da Ba a Sassaƙa Ba

Ƙudaje ne suka fara sanar da Zosima. Ta fito daga rumfar zarto da tulu a kafaɗa, rana ta ɗan karkata, sai ta ji gunjinsu tsakanin akwatunan gawa biyu na farin dutse da ke jiran masu su. Ta leƙa. Ubangidanta Herennius ne kwance rub da ciki, ƙeyarsa a fashe, jini ya jiƙa farar ƙurar tsakar gida ya dama ta kamar kunu. Kusa da hannunsa ga guduma. Ta san gudumar. Ta mijinta Malkio ce, ita ta naɗe mata ƙota da tsumma.

Ba ta yi ihu nan take ba. Kowane bawa a garin Ostia ya san dokar nan: in aka kashe maigida a cikin gidansa, duk bayin da ke ƙarƙashin rufin sai an azabtar da su, sannan a gicciye su, mai laifi da marar laifi, don ba su kawo masa ɗauki ba. Su goma sha huɗu ne a gidan sassaƙar Herennius. Akwai tsohuwar da ke dafa musu wake. Akwai mai goyon wata biyar.

Ta ɗaga ido don kada ta ci gaba da kallon jinin, sai ta ga akwatin da ke dama. Kwana shida tana goge shi da dutsen guga. Yaro mai fukafukai da aka sassaƙa a jikinsa yana nan a gefe, ya juya sandar wutarsa ƙasa yana kashe ta, alamar rai ya ƙare. Ƙofar lahira tana nan a buɗe rabi. Malam-buɗe-littafi, kurwar mamaci, yana nan bisa zangarniyar alkama. Amma a tsakiya, inda fuskar matar da aka yi wa akwatin take da safe, babu komai sai rami mai kaushi.

Shiru ya fi ihu haɗari. Ta saki tulun, ta kurma ihu.

Firmus, hafsan masu gadin gari, ya iso da mutum huɗu. Gajere ne, da tabon ƙuna a wuya. Ya sa aka rufe ƙofa, aka jera bayin a jikin bango, ya zauna a kan wani zakin dutse da ba a gama sassaƙawa ba. Ya fara da Kallistus, 'yantaccen bawan da ke kula da aikin gidan.

"Ina kake da rana tsaka?"

"Bakin ruwa, ranka ya daɗe. Jirgin dutse ya iso daga garin Luna. Ni da bayi takwas muka je saukewa."

"Wa ya gan ka?"

"Mai jirgin, da duk wanda ya ji ashar ɗin da na ɗura masa. Rabin gari ke nan."

Firmus ya aiki mutum ɗaya bakin ruwa. Kafin gumi ya bushe ya dawo, ya ce haka ne, Kallistus bai motsa daga wurin ba.

"Mai tsaron ƙofa fa?"

"Maigida ya tura shi kasuwa tare da tsohuwa da mai goyo, ya ɗauko musu buhun wake. Ban taɓa ganin ya bar ƙofa babu kowa ba sai yau."

"Wa ya rage ke nan?"

Kallistus ya yi ƙasa da kai. "Malkio da matarsa, da mai jan zarto. Suna rumfar baya."

Aka jawo Malkio gaba.

"Gudumarka ce?"

"Tawa ce. Na bar ta a kan dutse da safe, da maigida ya ce in je in ja zarto."

"Kai ba mai sassaƙa fuska ba ne? Me ya haɗa ka da zarto?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce in rufe bakina in tafi."

"An ce kun yi cacar baki makon jiya."

"Ya yi mini alkawarin 'yanci in na shekara goma. Bana ta goma sha tara ke nan. Na ce masa zai mutu bai cika ba."

"Ga shi kuwa bakinka ya kama shi. Ka fita daga rumfar?"

"Sau ɗaya. Na zaga bayan bango na yi fitsari. Su biyun nan shaidu ne."

"Bayi ne," in ji Firmus. "Maganar bawa ba ta zama shaida sai igiya ta tace ta. Ka san haka." Ya juya ga mutuminsa. "Kira mini masu igiya, su azabtar da su."

Ba su daɗe ba. Su biyu ne, wa da ƙane, masu fara'a. Suka gaida hafsa, suka zauna a inuwa, suka zazzage buhunsu: igiyoyi, ƙugiyoyi, da wani ƙaramin murhu. Ƙanen ya fara hura gawayi, wan yana tauna soyayyen wake yana duban bayin ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kifi. Mai goyo ta toshe bakin jaririnta da nono. Tsohuwa ta saki fitsari a tsaye, babu wanda ya dube ta.

Zosima ba ta san lokacin da ƙafafunta suka fitar da ita daga layi ba.

"Ranka ya daɗe."

"Koma. Layinki na zuwa."

"Ba maganata za ka saurara ba. Dutse za ka duba. Shi ba ya bukatar igiya."

Firmus ya dube ta. Watakila zafin rana ne ya sa ya so miƙe ƙafa. Ya tashi ya bi ta gaban akwatin.

"Taɓa nan," ta ce. "Ka ji yadda dutsen ya daku ya zama gari? Duka aka yi masa da guduma tsirara, babu kurfin sassaƙa. Ga inda aka kuskure aka sami gashinta, ga wani a kafaɗa, ga wani a firam ɗin da ke kewaye. Na ƙirga ashirin da uku. Mijina zai cire fuskar nan da bugu uku, ta faɗo ɗungurungum kamar an yanki cuku. Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe guduma ba."

"Mai fushi yana mance sana'arsa."

"Yana iya mancewa. Amma bawan da ya kashe ubangidansa gudu yake yi. Ba zai tsaya yana dukan fuskar matar da bai sani ba, sannan ya koma ya ci gaba da jan zarto. Akwatuna tara ne a tsakar gidan nan, guda aka taɓa. A gudan ma fuska kaɗai. Wanda ya kashe maigida fuskar nan yake tsoro."

Firmus ya shafa tabonsa. "Akwatin wa?"

Kallistus ya matso. "Wani mai fataucin man zaitun ne daga Portus, ƙetaren kogi. Tannonius. Kwana goma sha biyu ke nan da ya zo da baƙin mayafi, bai yi aski ba. Ya ce matarsa Albia ta rasu a gonarsu, an ajiye gawar cikin zuma don kada ta ruɓe, sai akwati ya kammala. Ya kawo hotonta a kan ɗan allo. Ya ce a yi sauri, kuma a tanadi dalmar liƙe murfi."

"Ina allon?"

Aka duba tebur, aka duba ƙarƙashinsa. Babu shi.

"Babu masu sassaƙa a Portus ne, sai ya ƙetaro kogi?"

"Akwai biyar," in ji Kallistus. "Mun ɗauka sunanmu ne ya kai can."

"Ranka ya daɗe, karanta rubutun da ke ƙasa," in ji Zosima. "Ni ban iya karatu ba, jan fenti kawai nake zuba wa haruffa. Amma na san inda babu harafi."

Firmus ya sunkuya. "Ga Albia, mata mafi daɗin zama. Ta rayu shekara ashirin da bakwai, wata..." Ya tsaya. Bayan kalmar wata dutse ne sumul. Bayan kalmar kwana ma haka.

"Ya ce a bar wurin zai aiko," in ji Kallistus. "Wai ya mance."

"Shekara goma sha shida ina goge akwatuna," in ji Zosima. "Na ga wanda ya mance kuɗin aiki, na ga wanda ya mance sunan surukarsa. Ban ga wanda matarsa ta mutu jiya ya mance ranar ba. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba, har mijina."

"Faɗi."

"Jiya ranar wardi ce, da ake kai wa matattu fure. Na bi maigida maƙabartar da ke kan hanyar Portus, za mu kafa allon wani kabari. Ina durƙushe ina fenti sai na ɗaga kai. Na gan ta. Tana tsaye gaban wani tsohon kabari da kwandon wardi. Haɓar nan mai tsaga, girar hagun nan da tabo ya raba biyu. Kwana shida yatsuna suna bin fuskar nan, ba zan ɓata ta ba. Na ce shi ke nan, fatalwa ce ta fito karɓar furenta. Maigida ma ya gan ta, sandarsa ta faɗi daga hannunsa. Ya ce in na buɗe baki zai sayar da ni ga masu haƙar gishiri."

"To, fatalwa kika gani."

"Haka na ɗauka har ɗazu. Sai na tuna ƙayar wardi ta soke ta a yatsa. Ta ce wash, ta sa yatsan a baki. Ranka ya daɗe, fatalwa tana jini?"

Mai tauna wake ma ya dakata.

"Fuskar ta tafi, allon ya tafi," in ji Firmus a hankali. "Me zan nuna wa alƙali? Mafarkin baiwa?"

Malkio ne ya amsa daga jikin bango. "Ba a taɓa dutse sai an fara ƙera fuskar da yumɓu, ranka ya daɗe. Tana saman rumfa, cikin jiƙaƙƙen tsumma."

Aka sauko da ita. Firmus ya yaye tsumman, ya ga haɓa mai tsaga da gira mai tabo. Ya mayar ya rufe. Ya kira mutanensa biyu.

"Ku hau jirgin fito. Kai, ka ce wa Tannonius an yi wa kayansa ɓarna, hukuma na son ya zo ya gani. In ya fita, kai kuma ka shiga gidan ka tambayi uwargida. In akwai ta, ka kawo ta ko a kan kujera ne. Kada su haɗu a hanya." Ya juya ga Zosima. "Na ba ki kafin inuwar bangon can ta taɓa rijiya. In ta taɓa ba su zo ba, ko suka zo babu mace, da ke za a fara. Kin ɓata mini yini."

Ta koma layi. Idon kowa na kan inuwar. Tun tana taku goma daga rijiya har ta koma biyar. Ƙanen mai igiya ya ƙara gawayi, ya tura ƙarfe biyu cikin wuta. Zosima ta fara tunanin abin da ba ta yi tunani ba ɗazu. In matar tana da 'yar'uwa mai kama da ita fa? In ta mutu yau da safe? In mutumin ya riga ya hau jirgin Afirka? Malkio ya laluɓo hannunta ta bayan riga ya riƙe. Tafinsa sanyi ƙalau.

Saura taku biyu aka buga ƙofa.

Tannonius dogo ne, mai ƙiba, cikin farin mayafi tas, an yi masa aski har kumatunsa na sheƙi. Idonsa na dama ya yi ja yana hawaye, yana ta danna shi da hankici. Ya ga gawar da aka lulluɓe, ya ja da baya.

"Kai! Herennius ne? Bayin nan ba su da amana. Ka gicciye su duka, hafsa, kowa ya huta."

"Za a kai ga wannan. Ka gama makoki da wuri."

"Kasuwa ba ta san makoki ba."

"Yaushe matarka ta rasu?"

"Kwana goma sha huɗu. Ko sha biyar. Baƙin ciki yana rikita lissafi."

"Ka ƙetaro kogi yau, kafin in aika a kira ka?"

"Me zai kawo ni? Ina rumbuna tun safe."

"Me ya sami idonka?"

"Ƙura."

"Buɗe hannunka."

Bai so ba, amma mutumin Firmus ya buɗe masa. Tafin mai laushi ne kamar na jariri, sai dai ƙasan yatsu ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe. Bayan hannun kuma duk ƙananan yanka ne sababbi.

"Malkio," in ji Firmus, "me ke yi wa mutum haka?"

"Tsartsatsin dutse, ranka ya daɗe. Duk sabon shiga sai ya sha shi. Mu mun san yadda ake karkatar da kai."

"Bawa ne zai ba da shaida a kaina?" Tannonius ya daka tsawa. "Ni ɗan gari ne mai 'yanci! Ina da abokai a majalisa!"

Bai rufe baki ba aka sake buɗe ƙofa. Majiya ƙarfi biyu suka shigo da kujerar ɗauka, suka ajiye. Matar da ta sauko tana tangaɗi, leɓunanta sun bushe, idanunta kamar na wadda aka tasa daga barci mai nauyi. Wata tsohuwar baiwa na riƙe da ita. Firmus ya yaye tsumman yumɓun, ya ɗaga shi kusa da fuskarta. Mai goyo ta yi ƙara ta rufe ido.

"Uwargida, sunanki?"

"Albia. Me ya faru? Tannonius, me kake yi a nan?"

"Ba ki da lafiya ne?"

"Barci ne ya dame ni. Kwana uku ke nan. Mijina yana haɗa mini magani da kansa, na furen barci, wai don ciwon kai. Jiya da kyar na lallaɓa na kai wa babana fure, bai ma san na fita ba."

"Kin iya karatu?"

"Na iya."

Firmus ya matsa gefe. Ta dubi yaron da ke kashe sandar wuta, ta dubi ƙofar da ke buɗe rabi, ta dubi ramin. Sannan ta karanta rubutun, leɓunanta na motsi. Da ta kai inda dutse yake sumul ta tsaya. Ta miƙa yatsa ta shafa wurin. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dubi mijinta.

"Wace rana ka zaɓa?" ta ce.

Tannonius ya zabura zai yi ƙofa. Mutanen Firmus suka danne shi a cikin ƙura. Da suka kwance ɗamararsa, ɗan allon hoton ya faɗo, an karya shi biyu.

"Gonakin zaitun ɗin duka na babanta ne," in ji tsohuwar baiwar, tana kuka. "'Yan'uwanta za su zo daga garin Puteoli a watan gobe su raba auren, ta koma da kayanta."

Firmus ya tsaya a kan mutumin. "Shi ya sa kake gaggawa. Kana son ta mutu, a liƙe murfi da dalma kafin wani ya ga gawar. Akwati irin wannan yana cin makonni, sai ka yi odarsa tun tana numfashi, a garin da ba a san ta ba. Komai ka iya faɗa wa mai sassaƙa ban da ranar, don ba ka san yaushe maganin zai gama aikinsa ba. Jiya Herennius ya gan ta da rai. Ya aika maka, ya kori kowa daga tsakar gida don ku yi magana ku biyu. Ko gargaɗi ya yi maka ko farashi ya faɗa, wannan kai da alƙali. Ya juya baya, ka ɗauki gudumar da ta fi kusa. Ka san ba kai za a nema ba, doka za ta cinye bayinsa ta rufe maganar."

Aka fita da shi yana kiran sunayen abokansa.

Murhun dai yana nan yana ci. Wan masu igiya ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, mai kisa daban, rashin kawo ɗauki daban. Su ukun nan suna cikin gida."

Zosima ta san gaskiya ya faɗa.

Firmus ya dubi rumfar. "Ku koma ku ja zarton kamar ɗazu." Malkio da abokin aikinsa suka kama, Zosima tana zuba ruwa da yashi. Firmus ya shigo ya tsaya a tsakaninsu. Ya riga ya umarci mutuminsa mafi ƙarfin murya ya tsaya inda gawar take ya yi ihu iya ƙarfinsa. Zarto ya yi ta kuka cikin dutse. Can mutumin ya leƙo, fuska ta yi ja, yana haki.

"Ka fara?" in ji Firmus.

"Sau goma, ranka ya daɗe. Har maƙwabta sun fito."

"Ban ji komai ba. Wanda bai ji ba, doka ba ta ce ya kawo ɗauki ba. Ni zan faɗa wa alƙali da bakina." Ya dubi masu igiya. "Ku kashe wutar nan."

Tannonius ɗan gari ne, ba bawa ba, don haka ba a gicciye shi ba. An ƙwace dukiyarsa, aka kai shi wani tsibiri inda babu itace ko ɗaya. Dokar da ta so cinye su goma sha huɗu ita ce kuma ta ce bawan da ya tona wanda ya kashe ubangidansa a 'yanta shi. Da kaka alƙali ya taɓa kan Zosima da sanda a gaban jama'a, alamar ta sami 'yanci. Malkio kuwa ya shiga cikin gadon ɗan Herennius, tare da zarto da zakin da ba a gama ba.

Da ta dawo daga gaban alƙali ta same shi yana wasa kurfi a bakin rijiya. Bai ɗago ba.

"Uwargida ta sauka lafiya? Yanzu ai sai a nemi miji ɗan gari, mai farin mayafi."

"Na ga irin akwatin da suke saya wa matansu," ta ce. Ta zauna kusa da shi, ta karɓi dutsen washin daga hannunsa. "Kallistus ya ce zai riƙa biyana aikin guga. Na tambayi ɗan maigida farashinka. Ya faɗa, na yi masa dariya. Na ce tsoho ne, ga mita, ga munshari."

"Ya rage?"

"Ya rage kashi ɗaya cikin uku. Ka riƙa tari in ya zo wucewa."